Kwana Sittin da Saniya Mai Farin Goshi

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Dubai jirgin ƙasa ne da ba shi da direba. Na shiga taragon gaba da jakata, na tsaya daidai inda ya kamata a ce wani yana zaune yana tuƙi, sai na ga gilashi kawai, da titin ƙarfe yana shigewa ƙarƙashinmu. Na duba hagu, na duba dama. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa, babu wanda abin ya dama. Ni kuwa ɗan Tsaskiya, wanda ko a kan babur sai na damƙe rigar mai tuƙi idan za mu tsallaka rafi, na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Gine-gine suna wucewa ta gefe, wasu sai na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa ban ga ƙarshensu ba. Na ce a raina, ikon Allah, ashe mutane ne suka ɗora wannan, masu hannu biyu irin nawa.

Sunana Sanusi. Ina da difloma a kan kiwon lafiyar dabbobi, na kuma zauna da ita shekara uku a gida, ba aikin gwamnati ba na kamfani. A cikin shekarun nan ne aka kore mana garke, kamar yadda aka yi wa gidaje da yawa a ƙasar Safana. Abin da ya tsira shanun huɗa ne guda biyu, su ma don sun kwana a Karare wajen wani abokin Baba da ya are su. Da su Baba yake nome gonar da ke ciyar da gidanmu. Ranar da na nuna masa sanarwar da na gani a intanet, cewa wata gonar madara a ƙasar Larabawa tana neman masu kula da shanu, bai yi doguwar magana ba. Ya kai sa ɗaya kasuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe galmar shanu ya san sa ɗaya ba ya huɗa. Ke nan idan ban mayar da ɗan'uwan wancan sa kafin ruwan fari ya sauka ba, dattijo mai furfura zai koma sunkuyo da fartanya.

Kuskurena daga kasuwar shanu na ɗauko shi. Mu a wurinmu ba a sayen saniya kai tsaye. Sai an bi ta hannun dillali, shi ya san mai ita, shi zai tsaya a yi ciniki, a ba shi la'adarsa kowa ya tafi da farin ciki. Don haka da wani mutum mai kiran kansa Alhaji Mai Biza ya ce shi ne tsani tsakanina da gonar, kuma sai na biya kuɗin hidima kafin a ba ni aikin, ko kaɗan raina bai ba ni komai ba. Na ma ga ya yi mini sauƙi. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, murya kawai yake aiko mini, amma fa ya iya gaisuwa, har lafiyar Baba yake tambaya. Ya turo mini takardar ɗaukar aiki mai hatimin ruwan zinari, da biza ta kwana sittin. Ya ce, "Ta ziyara ce, amma kana sauka za a juya ta ta koma ta aiki." Na yarda.

Zangona na farko adireshin da ke jikin takardar ne. Wani dogon bene a unguwar 'yan kasuwa, hawa na huɗu, ƙofa ta goma sha biyu. Na gyara hula, na goge takalmi da bayan wando, na yi sallama. Tela na tarar, wani dattijon Pakistan, yana ɗinka doguwar rigar mata. Na miƙa masa takardar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya kashe keken. Ya jawo mini kujera ya ba ni ruwa mai sanyi. Sannan da ɗan Turancinsa ya ce babu wata gona a nan, shekararsa tara a shagon, kuma ba ni ne na farko da ya zo da irin wannan takarda ba. Na kira lambar Alhaji Mai Biza, a kashe. Na sake kira, na sake, har telan ya ɗora hannunsa a kan nawa ya sauke wayar daga kunnena. Wallahi a lokacin ba kaina na tuna ba, sa ɗin nan da ya rage shi kaɗai a turke na tuna. Telan ya yage gefen wata takardar awo, ya rubuta mini sunan wani masallaci a Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, ya ce a bayansa baƙi irina suke kama gado.

Gado kuwa ake kamawa, ba ɗaki ba. Mu takwas ne a ciki, gadaje hawa biyu, kowa da labulensa na zani. Akwai 'yan Uganda, akwai 'yan Bangaladash, akwai wani ɗan Kamaru da ba ya magana da kowa. Ni aka ba na sama, kusa da na'urar sanyaya ɗaki, na kwana uku ina mura a ƙasar da rana ke soya ƙwai. Ban gaya wa gida gaskiya ba. Idan na kira Yaya Lawal, babban wana da ke sayar da hatsi a kasuwar Batsari, sai na ce ana shirya takardu. Wata rana ya miƙa wa Baba wayar.

"Sanusi, mi ake ciki can?"

"Lafiya lau, Baba. Ana shirya takardu."

"To madalla. Shanun nasu ka gan su?"

"Tukuna dai, Baba."

"Idan ka gan su ka ba ni labari."

Na kashe wayar na ji kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai da na tsallaka teku.

Tekun ma na je na gan shi, don tafiyar ƙafa ce daga masaukinmu. Na tsaya da La'asar ina kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Ni da na san rafi mai cika da damina ya ƙafe da rani, ga ruwa ya miƙe har ya haɗe da sama, jiragen ruwa a kansa kowanne ya fi unguwarmu girma. Na duƙa na ɗebo da tafin hannu na ɗanɗana, don in tabbatar da abin da aka koya mana a firamare. Gishiri ne kuwa, har da ɗaci. Na yi dariya ni kaɗai kamar wawa, daga nan hawaye suka biyo. Abin da na yi kwaɗayi a wannan yammacin bai wuce dafaffen rogon Batsari da garin ƙuli ba, a ci a tsaye a bakin tasha.

Na shiga neman aiki da wayata ba ji ba gani. Duk sanarwar da na gani sai na tura, ko ta gadi ce, ko ta wankin mota, ko ta akanta. Wasiƙa ɗaya nake tura wa kowa. Kuma da yake an yi mini tarbiyya, ba na fara magana ba gaisuwa. Sakin layi na farko ina yi wa mai karatu fatan alheri shi da iyalinsa. Na biyu ina tambayar aiki da gajiya. Na uku ina neman afuwa da na shigo masa ba sanarwa. Sai can ƙasa, a raɓe, in ambaci cewa ina neman a taimaka mini da aiki kowane iri. Kwana ashirin da biyu babu wanda ya ce mini ci kanka. A na ashirin da uku amsa ta zo: an ɗauke ni, ba intabiyu ba komai, in dai tura kuɗin gwajin lafiya a ranar. Na diro daga gadon sama ina hamdala. Suka ce in haɗa da hoton fasfo, shi ya kai ni wani shagon buga takardu da ke jikin masallacin.

Mai shagon wani baƙin dattijo ne dogo, da farar jallabiya da rawani irin na Sudan. Na miƙa masa fasfo. Na'urar ta tsaya tana wani ƙugi, ni kuma na ƙagu, sai na ce a hankali, "Kai, wannan abu da nawa yake." Dattijon ya ɗago kai.

"Ɗana, kai Bahaushe ne?"

Na ɗago da sauri na dube shi. Hausa ce tsantsa, amma wata iri, mai nauyi, irin wadda na ji a bakin kakata kafin ta rasu. Ya ce sunansa Siddiƙ. Kakansa ya bar ƙasar Katsina a ƙafa zai je Hajji, ya yada zango a Sudan don ya yi noma ya ƙara guzuri, zangon ya zama gida. Shi an haife shi a can, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma a gidansu ba a jin wani yare sai ita. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ce, "Daga yau Kawu za ka ce mini." Na tsaya ina kallonsa. Mutum ya ɗauki harshe a ka ya yi tafiyar shekaru da shi, ya ajiye wa jikansa, jikan ya zo ya tare ni da shi a Sharja.

Da ya ji abin da zan yi da hoton fasfon, sai ya ce in nuna masa saƙon. Ya sa tabarau ya karanta, ya mayar mini da fasfona a aljihun gaba da kansa, ya maɓalle maɓallin.

"Ya waladi, ɗana, wa ya taɓa ɗaukar mutum aiki bai ji muryarsa ba? Duba nan. Sun ce su babban kamfani ne, amma imel ɗinsu irin na kyauta ne da kowa ke buɗewa. Kamfani na gaskiya sunansa yana bin bayan imel ɗinsa, iri ɗaya da sunan shafinsa. Mu nemi shafin."

Muka nema, babu. Muka nemi lambar wayar ofis, babu, sai ta hannu.

"Ka riƙe wannan ko ka manta komai," in ji shi. "A intanet mai neman ma'aikaci shi ke kashe kuɗi. Biza shi, gwajin lafiya shi. Duk wanda ya ce ka kawo kafin ya ba ka aiki, kai ne aikin nasa. Kuma fasfo ba a tura wa wanda ba a tabbatar da shi ba."

Na ba shi labarin Alhaji Mai Biza da maganar dillali. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya ce dillalin kasuwarmu kowa ya san gidansu, idan ya ci amana gobe ba shi da wurin tsayawa. Wanda ke bayan waya kuwa ba shi da gida ba shi da gobe. Akwai masu haɗa mutane da aiki na halal, in ji shi, amma suna da ofis da rajistar da za ka iya dubawa, kuma daga kamfanin suke karɓar ladansu.

Daga ranar shagon Kawu Siddiƙ ya zama makarantata. Ina zuwa bayan sallar Asuba kafin mutane su taru. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowace safiya sai na ba shi labarin gida. Yaya duwatsun Batsari suke, da me ake yin daddawa, gero da dawa wanne ake fara shukawa. Yana saurare ido rufe. In na gama sai ya buɗe kwamfuta ya ce, "To, yanzu naka."

Ya fara da adireshin imel ɗina, wanda na buɗe tun ina sakandare da sunan da abokai ke kirana a filin ƙwallo. Ya ce babu mai ɗaukar "Guguwa" aiki. Muka buɗe sabo da sunana da na mahaifina. Ya karanta wasiƙata ta gaisuwa, ya yaba ladabina, ya goge ta tas. Ya ce mai duba saƙonnin nan yana da ɗaruruwa a gabansa, layi biyu zai karanta ya wuce. Gaisuwa kalma uku, sai sunan aikin da ka gani da inda ka gan shi, sai abin da ka iya da ya dace da shi. Na ce, "Kawu, wannan ai rashin kunya ne." Ya ce, "A can ne. A nan tausayin mai karatu ne."

Sai muka zo kan takardar tarihin aiki, wadda kowa ke ce wa sibi. Tawa shafi uku ce: firamare, sakandare, difloma, kwas ɗin kwamfuta na wata ɗaya, har da cewa ina son karatu da tafiye-tafiye. A wurin da aka ce ƙwarewar aiki na rubuta "babu."

"Babu?" in ji Kawu. "Tun da aka haife ka zaune kake?"

"Ban taɓa aiki ba, Kawu."

"Da safe in ka tashi a gida me kake yi?"

"Da can dai kiwo. Tatsa, ɗaure maruƙa a dangwali, kai su ruwa."

"Tun yaushe?"

"Tun ina shekara shida."

"Ka taɓa karɓar haihuwar saniya?"

"Ba adadi. Har wadda ɗan ya zo a juye, Baba ya nuna mini yadda ake mayar da shi a gyara."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya dube ni kamar zai mare ni. "Shekara ashirin kana cikin shanu ka rubuta babu, ka cika mini takarda da kwas ɗin wata ɗaya?"

Gaskiya ban taɓa ɗaukar kiwo a matsayin aiki ba. Aiki a wurinmu shi ne wanda ake sa riga mai guga a tafi ofis. Kiwo kuwa abin da ka tashi ka tarar ne, kamar cin tuwo. Na ma shiga makaranta ne don in tsere masa. Kawu ya sa na lissafa duk abin da hannuna ya iya, muka zuba a shafi ɗaya, kiwon a sama, difloma a ƙasansa. Ya hana ni tura wa kowa da kowa. Ya koya mini in nemi aiki da ainihin sunan da masu gonaki ke kiransa, in karanta sanarwa har ƙarshe, in ɗauko kalmomin da suka yi amfani da su in sa a tawa in dai gaskiya na iya abin. Idan na ga sanarwa a shafin neman aiki, sai in je shafin kamfanin da kansa in ga ko tana can, in kira lambar ofis in tambaya. Ya ba ni ɗan littafi ina rubuta inda na tura da ranar, don kada a kira ni in rasa ko su wane ne. A rana uku ko huɗu kawai nake turawa, amma kowacce da tata wasiƙar.

A kwana na talatin da takwas aka kira ni intabiyu ta bidiyo, wani asibitin dabbobi ne. Kawu ya zaunar da ni a lungun shagon, taga a gabana don haske ya sauka a fuskata, ya jingine wayar da littattafai, ya ara mini farar riga. Mutumin ya bayyana, babban mutum mai furfura a gemu. Ni kuwa da ganin furfura sai kaina ya yi ƙasa da kansa. Haka aka rene ni, ba a zuba wa babba ido. Na amsa tambayoyinsa duka, kuma na san na amsa daidai, amma ina kallon gwiwata. Can ya ce, "Me kake karantawa a ƙasa? Wa ya rubuta maka amsa?" Na rantse babu. Ya ce za su neme ni. Ba su neme ni ba.

Na yi fushi ranar, fushi na gaske. Na ce wa Kawu wace irin ƙasa ce wannan da ladabi ke zama laifi. Ya bar ni na gama, sannan ya yanko ɗan farin salatif ya manna a gefen idon kyamarar. Ya ce, "Kada ka kalli mutumin. Kalli wannan. Shi ba babba ba ne." Muka yi ta gwaji, shi yana tambaya daga ɗaya wayar. Ina iyawa minti ɗaya, biyu, sai wuyana ya tuna gida ya sunkuya.

Kwanaki suka yi ta zubewa. A na hamsin da ɗaya saƙo ya zo daga wata gonar madara da ke can cikin hamada. Mun riga mun duba su, shafinsu na nan, na kira ofishinsu wata mata ta tabbatar mini suna neman mutum. Babbar likitar gonar, Dakta Mira, 'yar Indiya, ita za ta gana da ni washegari da hantsi. Saura kwana tara a bizata.

Da ta bayyana, ba a ofis take ba. Tana tafe cikin wata rumfa, wayar a hannunta, ƙarar fankoki a bayanta. Mace ce da a shekaru ta haife ni, da furfura a gaban goshi. Na kafa ido a kan salatif ɗin Kawu. Ta tambayi allurar rigakafi, na amsa. Ta tambayi ciwon hantsa, na fara amsawa, sai na ji kaina yana sauka, ina ji ina gani na kasa tare shi. Kawu yana bayan wayar yana ɗaga mini haɓa da hannu, a banza. Muryarta ta canza, ta zama irin ta wanda ke shirin sallama. Ta ce, "To, Sanusi. Ka ce garkenku shanu arba'in ne. Nan ba haka ba ne. Bari ka ga abin da kake nema." Ta juya kyamarar.

Kaina ya ɗago ba tare da na sani ba, don saniya ba na jin nauyinta. La'ilaha illallahu. Rumfa ce da ban ga ƙarshenta ba, shanu baƙi da fari a jere, manya, marasa tozo, hantsar kowacce kamar tulu. Fankoki suna juyawa a sama, wani siririn ruwa yana fesowa a kansu kamar yayyafi. Na manta da intabiyu, na manta da Kawu, na matso da fuskata jikin wayar. Tana tafiya tana nuna mini, sai idona ya tsaya a kan wata.

"Dakta, tsaya. Koma baya kaɗan. Waccan mai farin goshi."

Ta tsaya. Sauran suna kwance suna tuƙa, ita tana tsaye. Ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan dakalin siminti na gefen akwatin abinci, na baya suna ƙasa. Ta tanƙwara bayanta ya yi doro, ta buɗe gwiwoyin gaba waje, bakinta ba ya motsi.

"Ta haɗiyi ƙarfe," na ce. "Ƙusa ko waya. Tana ɗaga gabanta ne don ya daina sukarta."

Ta matsa kusa da saniyar. Sannan ta ce abin awon da ke wuyan saniyar ya riga ya gaya wa kwamfuta da safen nan cewa ta rage tuƙa, amma bai faɗi dalili ba, kuma ba a kai ga duba ta ba.

"Ki damƙi fatar bayanta, daidai saman kafaɗa, ki matsa da ƙarfi. Mai lafiya za ta lanƙwasa baya ta yi ƙasa. Wannan za ta ƙi, kuma za ki ji ta yi nishi."

Na ji kaina ina ba babbar likita umarni, amma bakin ya riga ya tafi. Hoton ya girgiza, na ga hannunta a kan saniyar. Saniyar ta sandare, ta saki wani gajeren nishi da na ji shi har Sharja. Dakta Mira ta juyo da kyamarar fuskarta. Wannan karon ina kallonta ido cikin ido, ban ma lura ba.

"A makaranta aka koya maka?"

"An ambata a makaranta. Amma Babana ne ya nuna mini, a kan wata saniyarmu da ta ci waya a bola."

"Me ya sa ɗazu kake ɓoye fuskarka?"

"A garinmu ba a kallon babba a ido, Dakta."

Ta yi murmushi. Ta ce a garinsu ma haka kakarta ta rene ta. Ta ce in zo jibi in yi gwajin kwana biyu, motar gona za ta ɗauke ni. Da ta kashe, na juya na ga Kawu Siddiƙ ya ba ni baya yana ta gyaran wasu takardu da ba su buƙatar gyara.

Su suka yi mini gwajin lafiya, su suka yi takardun aiki, ko sisi ba a ce in kawo ba. Har yau ban gama mamakin gonar nan ba. Yashi ta ko'ina, ko ciyawa ɗaya babu a waje, amma a ciki shanu na shan iska sun fi ni jin daɗi a gadon Sharja. Lokacin tatsa da kansu suke shiga layi, su hau wani ƙaton faifai mai juyawa a hankali, kafin ya zagayo an tatse su, su sauka su ba wasu wuri. Ranar farko na tsaya baki buɗe har wani abokin aiki ya taɓa ni. Mai farin goshin an yi mata aiki, an ciro guntun waya ɗan tsawon yatsa, ta warke. Lamba ce a kunnenta kamar sauran, amma ni na sa mata suna.

Sai da komai ya tabbata na gaya wa Yaya Lawal gaskiyar abin da ya faru, na roƙe shi ya gaya wa Baba a hankali. Watanni suka ɗan ja ina aika musu da abin da na tara daga albashi, hadari ya fara haɗuwa a gida. Wata ranar kasuwar Batsari, ina hutun rana, Yaya Lawal ya kira ni ta bidiyo. Hayaniyar kara ce a bayansa, wurin cinikin shanu. Ya juya wayar, ga Baba riƙe da igiya, ga wani farin sa mai tozo a tsaye, ƙaho a buɗe.

"Ka gan shi?" in ji Baba. "Ta hannun dillali muka saye shi. Amma wanga mun san gidan ubanshi."

Yaya Lawal ya fashe da dariya. Ni na sunkuyar da kai, na fara neman gafarar ƙaryar da na yi. Baba ya katse ni.

"Bar wannan. Ka ce za ka ba ni labarin shanun. Nuna mini su."

Na shiga rumfar na juya kyamara, ina tafiya a hankali. Mutumin da ya shekara uku bai ga garke nasa ba ya zuba musu ido, sai numfashinsa nake ji.

"Ikon Allah," ya ce can. "To ina tozon nasu?"

"Haka aka halicce su, Baba."

"Ikon Allah. Suna da suna?"

"Lamba gare su. Amma ga wadda ta samo mini aikin." Na tsaya a gabanta, ta miƙo hanci tana shinshinar wayar, farin goshinta ya cika hoton. "Wule nake ce mata."

Wule ita ce saniyar da ke jan garkenmu, ita ke gaba ranar da aka kore su. Hoton ya karkace, na daina ganin Baba, sai rufin wata rumfar kara da sararin sama. Na ji yana gyaran murya, ya daɗe yana gyarawa. Da fuskarsa ta dawo, ya matso da ita jikin wayar yadda na yi a shagon Kawu.

"Ja baya in gan ta duka. Sa ta taka."

Na taɓa ta, ta yi taku uku.

"Ka tahi ka duba mata ƙafar baya ta hagu. Ba ta son ɗora ta."

Ni kullum ina tare da ita, kwamfuta ma ba ta ce komai ba. Na jingine wayar a kan dakali, na ɗaga ƙafar, na share kofaton da babban yatsa. Ɗan dutse ne ya maƙale a tsakiya. Na ciro shi na ɗaga wa kyamara.

"Yawwa," in ji Baba. "Je ka yi aikinka. Mu ma gobe za mu gwada su a galma."